Wanda jirgi ya kife da shi, ya nemi diyya ko ya bar wa Allah?

Mu nan Jos kan dutse muke, ba mu da kogin da za a ce sai an shiga kwalekwale. Amma neman abinci yana kai mu ruwa. Masu bin hanyar Shendam zuwa Wukari sun san mashigar Ibi a kan kogin Binuwai, kuma kusan kowane gida a cikinmu yana da dangi a Kano, Kebbi ko Neja. Ba mu manta da Warrah ba, a watan Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da sama da mutum 150 ya nutse a kogin Kwara. Ba mu manta da Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamban wannan shekarar, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu.

Waɗanda suka rasu ana yi musu addu'a. Wanda ya fita da rai amma ƙafa ta karye, ko hannu ya daina aiki, shi ne ba a cika tunawa da shi ba. Ga kuɗin asibiti, ga jari ya bi ruwa, ga iyali. Da ya ce zai nemi hakkinsa sai ka ji an ce, "Haba Alhaji, ai ƙaddara ce, ka bar wa Allah."

To, ƙaddara ce, babu musu. Sai dai Ubangijin da Ya ƙaddara Shi ne Ya saukar da hukuncin diyya a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma a kan kisan kuskure ne, wato wanda mai shi bai yi niyya ba. Malamai sun kawo adadi: rai raƙuma 100 ko dinari 1000, hannu ɗaya rabin haka, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Shari'ar da ta zauna ta ƙirga yatsa da haƙori ba za ta ɗauki mai nemansu a matsayin mai raunin imani ba.

Amma ba kowane haɗari ne ke jawo biya ba. A cikin Risala, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an nuna cewa mai jirgi ba ya lamunin kayan da suka nutse, sai dai shi ma ba shi da kuɗin dako in bai kai gaci ba. Malamai suka ce wannan idan babu sakaci ne. Iska ta taso, ko jirgi ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa da rana tsaka, wannan daban. Wanda ya zuba mutum ɗari a jirgin mutum hamsin, ya ɗora babura da buhunan masara, ya tashi bayan magariba, alhali hukumar NIWA ta hana tafiyar dare ta kuma ce kowa ya sa rigar kariya, shi ma daban. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa mu 'yan kasuwa ne ke matsa wa direba, "Ƙara buhu biyu mana, kasuwa za ta watse." Wanda ya yi haka, da wane baki zai ɗora wa direba laifin duka?

Inda abin ya fi wuya shi ne wa zai biya. A fiƙihu diyyar kuskure mai yawa a kan aƙila take, dangin mutum na wajen uba su haɗa hannu, don kada a karya mutum ɗaya. Yau ina aƙilar? Direban sau tari yaro ne da ake sallama kullum, jirgin ma ba nasa ba ne, inshora kuwa ba a maganarta. Ka kai shi kotu, an tsare shi, ƙafarka ba ta dawo ba, gidaje biyu sun shiga yunwa. Shi ya sa muke ganin a fara da mai jirgin da ƙungiyarsu, a zauna gaban sarkin ruwa ko hakimi a yi sulhu a rubuce. In sun ƙi, zuwa kotu ba abin kunya ba ne. A nan Filato kotunan shari'a aure da gado suka fi dubawa, irin wannan ƙara sai an nemi lauya, kuma doka tana da wa'adi, don haka a adana takardun asibiti da rahoton 'yan sanda tun da wuri. Ƙara ko sisi a kan abin da aka kashe kuwa cin haram ne, ko da lauya ya ce za ta wuce.

Ayar ta buɗe ƙofar yafiya, ta kira ta sadaka. Sadaka kuwa mai abu ke yin ta da ransa. Idan dattawa suka cika ɗaki suka kewaye mara lafiya har kunya ta sa ya ce "na yafe", ba mu ga sadaka a nan ba. Idan kuma mamaci ya bar yara ƙanana, diyya gadonsu ce, baffa ba shi da ikon ya yafe ta a madadinsu don a ce shi mutumin kirki ne.