Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Akan jawo wannan karin magana ne idan zumunci ya lalace, aka ce wani munafuki ne ya shiga tsakani. Dattijo zai bari a gama kai ƙara, sannan ya faɗe ta. Ba wanke ƙadangare ya yi ba. Nufinsa shi ne ƙadangaru ba sa ƙarewa a duniya, don haka mai hankali kan mai da himmarsa ga bangon da ke hannunsa. Hukuncin ya wuce sha'anin zumunci, kuma da wuya a sami inda ya fito fili kamar a shukar da ake reno cikin ɗaki, wadda jan gizo-gizo ya kama.

Halittar nan ba ta wuce rabin milimita ba. Dangin gizo-gizo da kaska ce, ƙafa takwas gare ta idan ta girma. Nau'in da ya fi addabar shukar ɗaki, wanda masana ke kira Tetranychus urticae, yana cin tsirrai fiye da iri 1,100. A bayan ganye yake zama, ya huda ya tsotse. Da fari sai a ga ɗigo-ɗigo fari ko rawaya a saman ganyen, daga nan ya koɗe, ya bushe ya zube, kuma kafin a ga siririyar yana tsakanin ganye da reshe an riga an makara ƙwarai. Wanda ke shakka ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin reshe ya kaɗa shi: ƙurar da ta faɗo ta fara tafiya da ƙafarta, to ita ce.

To ina tsagar take? A fili, ruwan sama na wanke ganye, danshin damina na rayar da wata cuta mai kashe su, ga kuma ƙananan ƙwari da wasu 'yan'uwansu gizo-gizo masu farautarsu. Ɗaki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake da shi shi ne ɗumi da busasshiyar iska, a Turai saboda na'urar ɗumama ɗaki, a wajenmu saboda hunturu da bazara da na'urar sanyaya ɗaki mai zuƙe laimar iska. Idan zafi ya kai wajen digiri 30, ƙwai kan zama baligi cikin kamar mako guda. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai kusan 100 a rayuwarta, kuma ƙwan da bai haɗu da namiji ba yakan ƙyanƙyashe namiji, ke nan ita kaɗai ta isa ta kafa zuriya. Ƙara da ƙurar da ta kwanta a ganye, da ƙishin da shuka ke sha idan an manta da ban ruwa, da takin zamani mai yawan naitirojin da ake jibga mata don ta yi kore shar. Duk waɗannan aikin mai ɗaki ne.

Wani zai ce wannan ɗora wa mai shuka laifi ne kawai, domin gizo-gizon kan shigo a jikin sabuwar shukar da aka sayo, ko a tufafi, ko iska ta jefo shi ta taga, ko da kuwa shukar lafiyarta ƙalau. Gaskiya ne. Amma shigowa daban, yaɗuwa daban. 'Yan ƙalilan a kan shukar da ake wankewa duk mako ba sa kai labari, waɗannan 'yan ƙalilan ɗin a lungu mai zafi da ƙura su ne ke zama dubbai kafin wata ya ƙare. Kuma ajiye sabuwar tukunya cikin tsofaffi ba tare da an keɓe ta mako biyu an duba bayan ganyenta ba, ai ita ma tsaga ce.

Hujja mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce, tunda ƙadangare ya riga ya shiga, a bar wa'azin bango a ɗauko maganin feshi. Tarihi bai goyi bayansa ba. Jan gizo-gizo bai zama babbar annobar gonaki ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da DDT da ire-irensa suka cika kasuwa: maganin ya hallaka masu farautarsa, shi kuwa ya tsira ya sami fili. Yawancin magungunan ƙwari ba don shi aka haɗa su ba. Har waɗanda aka haɗa dominsa ma, saurin haihuwarsa ya sa yakan saba da su, an tabbatar da juriyarsa ga sinadarai fiye da 90. Inda aka yi nasara mai ɗorewa, abin da ya ɓace aka mayar. Masu noma a rumfunan gilashi na Holan da Ingila sun daɗe suna sakin wani gizo-gizo mafarauci, Phytoseiulus persimilis, ya cinye mai ɓarnar. Haka koren gizo-gizon rogo, wanda aka fara gani a Yuganda a 1971 ya bazu har Najeriya: ya zo daga Kudancin Amurka ba tare da maƙiyansa ba, bai lafa ba sai da cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo mafaraucinsa daga Brazil, ta sake shi a Jamhuriyar Benin a 1993.

Sai dai karin magana tana da iyakarta, kuma ya kamata a faɗa. Liƙe tsaga bai fitar da wanda ke ciki ba. Yayyafa ruwa a iska don a ƙara danshi yana rage musu sauri ne kurum, ba ya kashe su. Dole a sa hannu: a ware shukar daga sauran, a yanke ganyen da ya lalace, a kai ta makewayi ko tsakar gida a watsa wa bayan ganye ruwa mai ɗan ƙarfi, sannan a fesa ruwan sabulu mai laushi ko man darbejiya da aka sirka, har ya jiƙa ko'ina, domin wanda maganin ya taɓa kaɗai yake kashewa. A fara gwadawa a ganye ɗaya, kar a yi cikin rana, kuma a guji garin wanki, yana ƙona ganye. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne maimaici. Ƙwai kan tsira daga feshin farko, saboda haka sai an sake bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku ko huɗu, ko da ido bai ga komai ba.

Shukar da yana ta riga ta lulluɓe kuwa, kar tausayi ya sa a ajiye ta. A ɗaure ta cikin leda a fitar da ita, a wanke tukunyar da wurin da ta zauna da sabulu kafin a dasa wata.