TAKOBI YANA DA HAƘƘI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, duk lokacin hawan Sallah matasanmu na Samaru da Sabon Gari kan yi tururuwa zuwa cikin birni kallon mahaya, kowane basarake da takobinsa rataye a hamila, kube ya sha ado. Daga nan tambaya take zuwa mini: Malam, wannan ado ya halatta?

Takobin girma tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A fadar Katsina akwai Gajere, wanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Korau. A Daura ana adana takobin da aka ce da shi Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Waɗannan kayan sarauta ne, alamar amanar jama'a a wuyan mutum guda.

Turawa ma sun yi nasu. Tsakanin ƙarni na 16 da na 18, ɗan sarauta a Faransa ko Sifen ba ya fita ba siririn takobi a ƙugunsa, an yi wa ƙotar zanen zinare da azurfa. Da takobin ake gane ɗan gidan wane ne. To ina abin ya kai su? Magana kaɗan sai a zare, a yi fito-na-fito, wai kare mutunci. Jini ya yi ta zuba har Sarki Luwis na 13 ya fitar da doka mai tsanani a 1626, kuma a 1627 aka fille kan wani babban basarake a Faris saboda ya take ta. Girman kai ne ya jawo musu wannan.

A shari'a, ado da azurfa a jikin takobi ya halatta. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kan ƙotar takobin Manzon Allah (SAW) na azurfa ne. Amma ku haɗa da abin da Bukhari ya kawo daga Abu Umama: mutanen da suka buɗe garuruwa, adon takubbansu bai wuce jijiya da dalma da baƙin ƙarfe ba.

Ku tuna ranar Uhudu. Annabi (SAW) ya ɗaga takobi yana neman wanda zai karɓe shi da haƙƙinsa. Hannuwa suka miƙo, da aka ji sharaɗin sai suka koma, Abu Dujana ya karɓa. Malaman sira sun ce ya fito yana taƙama tsakanin sahu biyu, Annabi (SAW) ya bayyana cewa Allah yana ƙin irin wannan tafiya in ba a irin wannan wuri ba. To kai da kake taƙama da takobi a cikin unguwa, tsakanin mata da yara, wane sahu kake fuskanta?

Nan ne damuwata take. Bayan an sauko daga hawa, wasu samari kan zare takubba da adduna suna wasa da su a kan titi, wani ma ya sha ƙwaya. Annabi (SAW) ya hana ko miƙa wa ɗan'uwanka takobi a zare. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami, mala'iku na tsine masa har sai ya bari, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba a ce sai in da gaske kake ba.

Iyaye, ku san abin da ɗanku ya fita da shi ranar Sallah. Masu rawani, takobin da ke kafaɗarku yana tuna muku haƙƙin talaka ne, za a tambaye ku a kansa. Wanda kuma ba shi da takobi, ya duba motarsa da wayarsa da shaddarsa, domin kibri daidai da ƙwayar zarra ya isa ya hana mutum Aljanna.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya. Amin.