Azzalumi Ya Faɗi, Wa Zai Zauna a Gidan? Tunani a Kan Abin da Ya Sami Sudan

Ran 11 ga watan Afrilu na shekarar 2019, ministan tsaron ƙasar Sudan, Janar Awad Ibn Auf, ya fito a talabijin ya shaida wa duniya cewa an tuɓe Shugaba Umar al-Bashir, an kuma tsare shi. Mutumin da ya riƙe ƙasar kusan shekara talatin ya sauka ke nan, bayan jama'a sun yi kusan wata huɗu suna fitowa kan titi. Sai dai murnar mutanen Hartum ba ta kai la'asar ba, domin a cikin wannan jawabin ne ministan ya ce majalisar soja za ta riƙe ƙasa har shekara biyu. Daga nan wata tambaya ta taso, wadda ta shafi lamirin kowane mai bi: idan azzalumi ya faɗi, amma masu bindiga ne suka ɗauke shi daga kujera suka zauna a kai, mu yi murna ne ko mu ji tsoro? Tambayar ba ta yi mana nisa ba. Tun daga 2020 sojoji sun karɓi mulki a Mali, da Gini, da Burkina Faso, da Nijar, kuma muna jin wasu samarinmu, saboda gajiya da 'yan siyasa, suna cewa gara soja.

Mu fara da tambayar da ta riga wannan: shin ya halatta jama'a su tashi wa shugabansu? Manzo Bulus ya koya wa Ikilisiyar Roma yin biyayya ga mahukunta, domin iko daga wurin Allah yake. Amma a wuri guda ya bayyana dalilin ba da ikon, wato mai mulki bawan Allah ne domin amfanin jama'a. Ashe ikon amana ne, yana kuma da iyaka. Waliyyi Agustin ya kwatanta mulkin da babu adalci a cikinsa da babbar ƙungiyar 'yan fashi. Waliyyi Toma na Akwino kuwa ya koyar cewa tayar wa azzalumi ba tawaye ba ne, sai fa idan hargitsin zai jawo wa talakawa wahalar da ta fi ta zaluncin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ma'aunin da za mu riƙe har ƙarshen wannan tunani.

Idan aka ɗora mulkin al-Bashir a kan ma'aunin, ba sai an daɗe ana nazari ba. Da juyin mulki ya hau ran 30 ga Yuni 1989, ya kawar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Sadik al-Mahdi. A zamaninsa yaƙin kudu ya ci gaba har zuwa yarjejeniyar 2005, ƙasar kuma ta rabu biyu a 2011. Saboda abin da aka aikata a Darfur, kotun duniya mai hukunta manyan laifuka ta ba da sammacin kama shi a 2009 da 2010. Da kuɗin burodi ya ninka sau uku a watan Disamba 2018, mutanen garin Atbara suka fito, sauran garuruwa suka bi. Likitoci da malaman makaranta da lauyoyi da injiniyoyi ne suka tsara tafiyar, mata kuma suna sahun gaba. Suka ɗaure wa kansu cewa ba za su ɗauki makami ba, ko da ana harbinsu. A ganinmu babu abin zargi a kan irin wannan tashi. Mutumin da ya tsaya hannu wofi a gaban mai bindiga ya ce a daina zalunci, aikin shaida ya yi, Musulmi ne shi ko Kirista.

To, amma su wa suka tuɓe shugaban? Manyan hafsoshin da suka yi masa hidima shekara da shekaru, waɗanda suka ga jirgi zai nutse suka jefar da matuƙi don su tsira. Mutanen Sudan sun gane haka, shi ya sa ba su bar dandalin da ke gaban hedikwatar soja ba, inda suka yi zaman dirshan tun ran 6 ga Afrilu. Matsinsu ya sa Ibn Auf ya sauka washegari, Janar Abdel Fattah al-Burhan ya maye gurbinsa, mataimakinsa kuma Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti, shugaban rundunar RSF da ta samo asali daga mayaƙan Janjawid na Darfur. Jama'a suka ci gaba da kiran a ba farar hula mulki. Ran 3 ga Yuni, ana dab da ƙaramar Salla, aka auka wa masu zaman dirshan da asuba. Kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum ɗari, aka kuma tsamo gawawwaki daga Kogin Nilu. Tsoron da ake ji ya tabbata cikin ƙasa da wata biyu.

Duk da haka ran 30 ga Yuni mutane suka sāke cika tituna, har aka kai ga yarjejeniyar 17 ga Agusta 2019. Aka kafa majalisar ƙoli mai mutum goma sha ɗaya ta soja da farar hula, a cikinta har da wata Kirista 'yar Ikilisiyar Kibɗawa, Raja Nikola, aka kuma naɗa Abdalla Hamdok firayim minista. An ga alheri a wannan ɗan lokaci: a 2019 aka ba da hutun Kirsimeti, a 2020 aka soke dokar kisa kan barin addini. Amma yayin da lokacin miƙa shugabancin majalisar ga farar hula ke ƙaratowa, ran 25 ga Oktoba 2021, al-Burhan da Hemeti suka haɗa kai suka rushe gwamnatin. Ran 15 ga Afrilu 2023 kuma su biyun suka juya wa juna bindiga, kan batun yadda za a shigar da RSF cikin rundunar ƙasa. Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan goma da gidajensu, a 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam na Darfur. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kada wani ya ɗauka muna ƙyamar aikin soja. 'Ya'yanmu da yawa suna cikin kaki, muna kuma binne waɗanda suka ba da ransu don mu kwana lafiya. Da sojoji suka je wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su tuɓe kaki ba, ya dai hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Karniliyas, wanda Manzo Bitrus ya yi wa baftisma, jarumin soja ne. Majalisar Batikan ta Biyu ta ɗauki soja a matsayin ma'aikacin tsaro da 'yancin jama'a. Matsalar tana farawa ne ranar da mai gadi ya shiga ɗaki ya zauna a kujerar maigida.

Dalilin yana cikin yanayin aikin kansa. An gina soja a kan umarni da biyayya, kuma haka ya kamata, domin ba a muhawara a fagen daga. Riƙon ƙasa kuwa yana bukatar sauraro, da jure wa suka, da sulhu tsakanin masu saɓanin ra'ayi. Wanda ya saba da cewa musu laifi ne, da wuya ya ga ɗan jarida ko limami ko fada mai faɗin gaskiya bai ɗauke shi maƙiyi ba. Bugu da ƙari, mai mulkin da bindiga ta ɗora ba shi da wata hujja sai bindigar, saboda haka duk wanda ke da irinta yana da hujja daidai da tasa. Abin da ya faru tsakanin al-Burhan da Hemeti ke nan: babu kotu, babu majalisa, babu akwatin zaɓe da zai raba gardama, sai aka raba ta a kan gidajen talakawa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1991 kan al'amuran zaman jama'a, ya ce Ikilisiya tana daraja dimokuraɗiyya ne domin tana ba talakawa damar zaɓen shugabanni, da tuhumarsu, da sauya su cikin lumana. Mugun shugaba mai wa'adi cuta ce da ke da ranar warkewa. Wanda ba shi da wa'adi kuwa, ko da ya fara da kirki, babu mai maganinsa ranar da ya sauya.

Mai musu zai ce ai an taɓa samun sojan da ya cika alkawari. Gaskiya ne, a Sudan ɗin ma. Da zanga-zangar Afrilu 1985 ta kawar da Ja'afar Numairi, Janar Suwar al-Dahab ya riƙe ƙasa shekara guda, ya gudanar da zaɓe, ya miƙa mulki a 1986. Ya cancanci yabo. Amma ƙasa ba ta dogara da sa'ar samun mutumin kirki a bakin bindiga, gama idan ya ƙi sauka babu wanda zai sauke shi. Mai musun zai ƙara da cewa farar hula ma suna sata, mai jin yunwa kuma ba ya cin takardar ƙuri'a. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan laifin ya dawo kan farar hula. Gwamnatin da aka zaɓa a 1986 ta ɓata shekara uku cikin rigimar jam'iyyu, yaƙin kudu yana ci, har al-Bashir ya sami ƙofa a buɗe. A 2021 ma ƙawancen farar hula ya dare, wani ɓangare ya kafa zaman dirshan a gaban fadar shugaban ƙasa yana kiran soja su rushe gwamnati, 'yan kwanaki kafin a rushe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ubangijinmu ya ba da misalin baƙin aljanin da aka fitar daga mutum, ya yi yawo bai sami wurin hutu ba, ya komo ya tarar da gidan a share, a gyare, amma ba kowa a ciki. Sai ya je ya gayyato waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Korar azzalumi shara ce kawai. Idan ba a zaunar da doka a gidan ba, da alƙalai marasa tsoro, da jam'iyyu masu iya haƙuri da juna, wani zai shiga. Misalin Yotam a Littafin Mahukunta ya nuna ɗaya gefen: itatuwa sun nemi sarki, zaitun da ɓaure da kurangar inabi kowa ya ce yana da aikinsa, sai sarauta ta faɗa hannun ƙaya, wadda ba ta da inuwa sai wuta. Duk lokacin da mutanen kirki suka ce siyasa ƙazanta ce suka nade hannu, sun zaɓi ƙaya ke nan ba tare da sun jefa ƙuri'a ba.

Ƙasar Filifin ta nuna cewa ana iya yin wani abu dabam. A watan Fabrairu 1986, bayan bishop-bishop na ƙasar sun yi tir da maguɗin zaɓe, wasu hafsoshi suka juya wa Shugaba Markos baya. Kadinal Jaime Sin ya yi kira ta gidan rediyon Veritas, jama'a suka fito, sistoci riƙe da carbi suka tsaya gaban tankokin yaƙi. Ran 25 ga wata Markos ya bar fadar shugaban ƙasa, aka rantsar da Korazon Akino, farar hula wadda ta tsaya zaɓe, jama'a kuma sun san ita suka zaɓa. Sojoji sun yi yunƙurin kifar da ita sau da dama, ba su ci nasara ba, ta cika wa'adinta a 1992. Gidan bai zauna babu kowa ba ko na kwana ɗaya.

Saboda haka amsarmu ita ce: ya dace mu gode wa Allah idan zalunci ya ƙare, amma kada mu yi wa juyin mulki guɗa. Dattawanmu sun rayu a ƙarƙashin soja daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, sun ga yadda aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Su ba samari labari. Mu yi rajista mu yi zaɓe, mu ƙi sayar da ƙuri'a don gishiri da atamfa, mu ƙarfafa masu tsoron Allah a cikinmu su shiga hidimar jama'a, mu kuma tsawata musu idan sun kauce. Mu tsaya tare da maƙwabtanmu Musulmi a kan gaskiya, gama yunwa da harsashi ba sa tambayar addini. Sudan ba baƙuwarmu ba ce: akwai Hausawa masu yawa a can, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, wahalar nan kuwa ba ta tsallake su ba.

A ranar da aka tuɓe al-Bashir, 11 ga Afrilu 2019, mako guda kafin Alhamis Mai Tsarki, Paparoma Faransis yana tare da shugabannin Sudan ta Kudu a Batikan. Tsoho mai shekara tamanin da biyu ya durƙusa da ƙyar ya sumbaci ƙafafun Salva Kiir da Riek Machar, yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya. Ya yi koyi ne da Ubangijin da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Da wannan za mu auna duk mai neman ya mulke mu, ko da kaki ya zo ko da babbar riga.

A cikin addu'o'in masu bi na kowace Lahadi mu tuna da mutanen Sudan, da marayu, da waɗanda suka gudu zuwa Chadi da Masar da Sudan ta Kudu. Waliyyiya Yusufina Bakita, 'yar Darfur wadda ta san ɗacin bauta, ta yi roƙo dominsu. Allah ya ba shugabanninmu zuciyar bawa, ya ba mu kuma ƙarfin halin tsare gidan da ya damƙa mana. Amin.