Mabuɗi Yana Hannunka, Takarda Tana Hannun Banki: Nasiha Game Da Bashin Gida

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya suturta mu da tufafi, Ya kuma suturta iyalanmu da gidaje. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabartar Yantala ya san abin da akan yi kafin a sallaci mamaci. Liman ko wani dattijo daga cikin dangi zai ɗaga murya ya tambaya ko akwai wanda yake bin wannan bawan Allah bashi. Sai a yi shiru, ko kuwa ɗansa ya ce duk mai bin sa wani abu ya same shi a gida. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma tana da tushe a sunna. To amma banki ba ya zuwa jana'iza. Sau da yawa bashin da ya fi kowane girma a wuyan mamacin shi ne wanda ba a ambata ba a wurin, watau bashin gidan da za a koma a yi zaman makoki a cikinsa. Mun sha gani, ana gama sadakar arba'in sai takarda ta iso, matar mamaci ba ta san da zancen ba, ƴaƴa kuma sun riga sun soma lissafin ɗakin da zai faɗo wa kowa.

Al'amarin bashi ba ƙarami ba ne a wurin Allah. Imamu Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u (R.A.) cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (S.A.W.) ya tambaya ko akwai bashi a kanta, aka ce akwai dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya umarci sahabbai su sallaci ɗan'uwansu, shi bai yi ba, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Dinari uku fa, jama'a! Imamu Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa zunubansa in ban da bashi. A cikin Tirmizi, daga Abu Huraira (R.A.), an bayyana cewa ran mumini yana nan a rataye saboda bashinsa har sai an biya masa. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin yadda Annabi (S.A.W.) yake yawan neman tsari daga bashi a cikin salla, da aka tambaye shi dalili sai ya nuna cewa bashi yana jan mutum ga ƙarya a zance da saɓa alkawari. Wanda ya taɓa sauya hanyar zuwa masallaci don kada ya haɗu da mai siminti, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan hadisi.

Ba muna zargin kowa ba ne don ya so mallakar gida. Wanda ya zauna gidan haya a Bukoki ko Talaje, ya ji ƙwanƙwasar mai gida ranar biyar ga wata, ya kwashe kaya a amalanke sau uku cikin shekara huɗu, yara suna canza makaranta, shi ya san darajar ƙofar da babu mai korarsa daga gare ta. Haka kuma rance a karan kansa ba haramun ba ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, kuma aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta halatta jingina. Sai dai mu lura, abinci ya karɓa, gwargwadon bukata, kuma ya bar abin da zai biya.

Dattawanmu ma'aikata suna tune da yadda aka yi a ƙasar nan. Tun gabanin samun mulkin kai a 1960 akwai Crédit du Niger mai ba da rancen gina gida, daga baya kamfanin SONUCI ya riƙa gina rukunin gidaje ana biya sannu a hankali. Dukkan tsarin ya dogara ne a kan abu guda, watau albashi zai zo ƙarshen kowane wata. Sai bankin BDRN ya durƙushe a 1990, kuma daga cikin abin da ya kashe shi har da basussukan da aka ci aka ƙi biya. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. A cikin waɗannan shekaru ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi. Mutumin da ya sa hannu a takarda yana ganin ya san abin da zai samu shekara goma masu zuwa, sai ya wayi gari bai san abin da zai ci gobe ba. Ita kanta gwamnati, a zamanin shugaba Tandja Mamadou, da filaye ta biya wani ɓangare na bashin albashin da ma'aikata suke bin ta. A Amurka ma, mai arzikin duniya, rancen gidaje ne ya haddasa rikicin tattalin arziki na 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu.

Sa'an nan ga babbar magana, wadda ba za mu ɓoye ta don jin kunyar kowa ba. Rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ko an kira shi kuɗin ruwa ko wani suna na Faransanci, kuma ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara sun yi kashedi a kansa har da shelar yaƙi daga Allah da ManzonSa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na shida a Jidda cikin Maris na 1990, ta duba wannan mas'ala ta gidaje musamman. Ta yarda cewa muhalli bukata ce ta asali ga ɗan Adam, amma ta ce rance da ruwa ba ya halatta ko ruwan kaɗan ne, ta kuma nuna hanyoyin halal: hukuma ta ba da rance marar ruwa, ko a gina gida a sayar da shi a kan farashi sananne ana biya kashi-kashi, ko a yi yarjejeniyar gini da magini. Wasu sukan kafa hujja da fatawar da Majalisar Fatawa ta Turai ta bayar a 1999, wadda ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a can. Wannan fatawa an yi ta ne don mutanen da ke cikin wani hali na daban, malamai da yawa ma ba su yarda da ita ba, kuma Yamai ba Turai ba ce.

Bari mu ɗauki misali, domin da yawa daga cikinmu sun sa hannu ba su yi lissafi ba. A ce mutum ya ranci sefa miliyan 10, a kan ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, zai biya cikin shekara 15. Kowane wata za a cire masa wajen jika 107 da rabi. A watan farko, jika 83 daga ciki ruwa ne tsantsa, jika 24 kaɗai suka taɓa uwar kuɗin. In ya kai ƙarshe zai tarar ya biya fiye da miliyan 19, watau ya gina gida ɗaya ya biya kuɗin kusan biyu. Amma da wannan mutum zai ƙara jika 30 kowane wata a kan abin da ake cire masa, da ya gama cikin shekara 9 da ƴan watanni, ruwan da zai bayar kuma ya ragu da kusan miliyan 4. Sai dai ya fara duba takardar yarjejeniyarsa, ko ya kai wa wanda ya iya karanta ta, domin wasu bankuna sukan ɗora tara a kan wanda ya biya kafin wa'adi.

To, wanda ya riga ya shiga fa? Kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya ce tunda akwai riba a ciki ba zai biya ba, domin dukiyar mutane ya karɓa. Ya tuba ga Allah, ya ƙudurta ba zai koma ba, sa'an nan ya mayar da fita daga wannan bashi babban aikinsa bayan farillai da ciyar da iyali. Buhari ya ruwaito albishir cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa da niyyar salwantarwa, Allah zai salwantar da shi. Alamar niyya tana bayyana a kasuwa. Mutum yana da shekara takwas na bashi a gabansa, ya ƙaro aure, ya yi bikin suna da tanti da kujeru ɗari, ya sayi ragon layya na nuna wa maƙwabta, ya tafi Umra karo na uku, sa'an nan ya ce Allah Ya ga zuciyarsa. Layya sunna ce mai ƙarfi, amma a mazhabarmu ta Malikiyya tana kan wanda kuɗinta ba zai ƙuntata shi ba. Hajjin nafila kuwa ba ya gaban haƙƙin mutane. Hadisi ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci.

Akwai kuma masu riƙe da fegi biyu ko uku a bayan gari, suna jiran su yi tsada, alhali ruwa yana hauhawa a kan gidan da suke kwana. Su dubi abin da Abdullahi ɗan Zubairu (R.A.) ya yi. Mahaifinsa Zubairu ɗan Awwam, ɗaya daga cikin goma da aka yi wa albishir da Aljanna, ya kira shi ranar yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan Hijira, ya gaya masa cewa babu abin da ya fi damunsa kamar bashinsa. Da aka lissafa sai aka sami miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani, mafi yawansu ajiyar mutane ce da yakan mayar rance a kansa don tsoron kada ta ɓace. Bai bar zinariya ko azurfa ba, sai filaye da gidaje. Abdullahi ya sayar da filin Gaba, kusa da Madina, ya biya. Da magada suka nemi a raba gado sai ya ƙi, har sai da ya yi shela a lokacin aikin Hajji shekara huɗu a jere, ko akwai sauran mai bin Zubairu. Wannan shi ne tsarin da ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka kafa, kuma haka muka karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaidin: likkafani, sai bashi, sai wasiyya, sa'an nan gado.

Wata riba kuma tana nan a unguwanninmu ba tare da banki ba. Mutum ya ranta wa ɗan'uwansa miliyan 2, ya karɓi gidansa jingina, ya zuba ƴan haya yana cin kuɗin shekara da shekaru, ranar biya kuma ya karɓi miliyan 2 ɗinsa cif. Malamanmu sun hana wannan, domin rance ne da ya jawo amfani. Jingina amana ce ta tabbatar da biya, kuɗin hayar na mai gida ne, ko a riƙa cire shi daga bashin.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu. Kowane magidanci ya sami littafi ya rubuta: nawa ya rage a banki, nawa ne na mai bulo, na mai ƙarfe, na magini, na ƙanen da ke Kwatano ko Legas wanda ya aiko da kuɗin rufi. Ya sanar da matarsa da babban ɗansa inda littafin yake. Wasu sukan ce ai akwai inshora da aka haɗa da rancen, in an mutu ita za ta biya. Ko da mun ajiye maganar malamai a kan irin wannan inshora, tana da sharuɗɗan da magada ba su sani ba, kuma ba ta san da zaman mai bulo ba.

Wanda bai shiga ba tukuna, ya yi haƙuri da hanyar iyayenmu. A sayi fegi, a kewaye, a yi ɗaki biyu a shiga, in adashe ya fito a ƙara ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai kada araha ta kai shi gina gida a hanyar ruwa, domin ambaliyar 2012 da ta 2020 sun nuna mana abin da kogi yake yi wa unguwannin bakinsa. Wanda ya je bankin Musulunci kuma, kada suna kaɗai ya ishe shi. Ya tambaya ko bankin ya mallaki abin kafin ya sayar masa, ko farashin tsayayye ne, da abin da zai faru in ya makara.

Ku kuma mawadata da kwamitocin masallatai, akwai naku. Aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas masu cin zakka, bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana. Annabi (S.A.W.) da kansa, bayan da Allah Ya yi buɗi, shi ya riƙa biya wa muminan da suka rasu da bashi. A sahun da kuke salla akwai gwauruwa da marayu waɗanda jika 500 ce ta rage tsakaninsu da takardar gidansu, kunya ta hana su faɗa. Liman da mai unguwa sun san su, a tambaye su a asirce.

Wanda kuma Allah Ya nufa ya biya kashin ƙarshe, kada ya tsaya nan. Ya koma banki ya karɓi shaidar cewa ya gama, a ɗage jinginar daga kan takardar mallakar filinsa a ofishin da ke kula da ita, ya kawo takardar gida ya nuna wa iyalinsa.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya wadata mu da halal, Ya jiƙan mamatanmu, Ya kwance waɗanda ke rataye daga cikinsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.