Caca ta fi son garin kan iyaka

Duk inda wata ƙasa ta hana caca, maƙwabciyarta kuma ta kawar da kai, garin da ke tsakaninsu ne ke ɗaukar kayan. A Disamban 1979 attajiri Sol Kerzner ya buɗe Sun City a yankin Bophuthatswana, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Johannesburg, saboda gwamnatin wariyar launin fata ta haramta gidajen caca a Afirka ta Kudu amma ta ƙyale su a yankunan da ta yanka wa baƙar fata tana kiran su ƙasashe masu 'yanci. Garin Poipet na Kambodiya ya cika da irin waɗannan gidaje don mutanen Tailan, waɗanda dokar ƙasarsu ta hana, su tako da ƙafa su zube kuɗinsu. A ƙarshen Disamban 2022 gobara ta tashi a ɗaya daga cikinsu, ta ci rayuka aƙalla 26. Boten, a kan iyakar Laos da Sin, ya yi tashe na 'yan shekaru, sai labarin tsare waɗanda suka ci bashin caca suka kasa biya ya bazu, aka rufe wurin a 2011, garin ya daɗe babu kowa.

Duk waɗannan wurare da sunan yawon buɗe ido aka gina su. Masu zuba jari a ƙasashe masu tasowa sukan jera abu uku a takarda ɗaya: otal, gandun namun daji, da gidan caca. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa na ukun ake nufi, biyun farko kuwa don hukuma ta sa hannu cikin sauƙi ne.

Mutumin Tozai, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, ba sai an kai shi Asiya zai gane wannan ba. Illela da Birnin Konni da ke Nijar kallon juna suke yi, kilomita kaɗan ne tsakani, kuma aure da zumunci da fatauci sun ɗinke su tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi. Da jihohin Arewa suka fara aiki da dokokin Shari'a a 2000, Zamfara na gaba wasu na biye, ba duk masu giya da masu karta ne suka tuba ba. Da yawansu iyaka suka tsallaka, abokan cinikinsu suka bi su. A zamanin ne ƙauyen Firji na cikin Nijar, daura da Jibiya, ya yi ƙaurin suna. Su ma mutanen Nijar abin bai yi musu daɗi ba. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, masu bore a Maraɗi sun ƙona mashaya da rumfunan cacar dawaki, wadda a can ake kira tiyarse, inda talaka ke zuba sefarsa a kan dawakin da ke sukuwa a Faransa. Ƙone-ƙonen ɓarna ce da ta shafi har waɗanda ba ruwansu, kuma ba ta kashe cacar ba.

Yau ba sai an tsallaka ko'ina ba. Babu katafaren gidan caca a Illela, amma caca ba ta jira an gina mata gida ba, ta waya ta shigo.

A dubi saurayi ɗan kabu-kabu da ya wuni yana jigilar fasinja daga ƙauyuka zuwa bakin iyaka. Da yamma ya jingine babur kusa da teburin mai shayi, ya miƙa wa mai POS naira 500 a zuba masa, ya ciro waya. Ya zaɓi wasanni goma na Ingila da Sifen da Italiya, ƙungiyoyin da ya san sunayen 'yan wasansu fiye da na 'ya'yan baffansa. Wayar ta nuna masa dubban nairorin da zai kwasa idan duka goman suka zo daidai. Tara suka zo. Na goman, ana daf da tashi aka farke ƙwallo. Ya buga cinya ya ce, "Kai, saura kaɗan!" Wannan saura kaɗan ɗin ne zai dawo da shi gobe da naira 1,000, jibi da kuɗin mai, gata da balas ɗin mai babur. Ranar da ya ci kuwa, ko dubu ashirin ce, majalisa duka za ta ji labari. Asarar wata uku da ta gabata ba mai lissafa ta, har shi kansa.

Lissafin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Faifan nan mai juyawa na gidajen cacar Turai gurbi 37 gare shi, amma wanda ya canki lamba ninki 35 ake ƙara masa. Wannan ɗan giɓin shi ne ribar mai gida: cikin kowace naira 100 da aka ɗora, kimanin naira 2 da kobo 70 tasa ce, ko waye ya ci, ko waye ya faɗi. Cacar ƙwallo ta haɗa wasanni da yawa ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. Idan kamfani ya riƙe kashi 5 cikin 100 a kowane wasa, wanda ya jera wasa goma a takarda ɗaya ya sallama kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Ɗan caca yana ganin da sa'a yake kokawa, alhali da masu ilimin lissafi yake yi, waɗanda aka ɗauka aiki don su tabbatar bai tashi da komai ba idan tafiya ta yi nisa.

Asarar kuɗi ma ita ce ƙaramar illa. Abin da caca ke ɓatawa a zuciya ya fi girma, domin tana koya wa mutum ya so dukiyar da ba ta fito daga guminsa ba, kuma ya yi murna da faɗuwar ɗan uwansa, tunda abin da ya ci wani ne ya rasa. Alƙur'ani ya ambace ta tare da giya a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, inda bai musa ɗan amfanin da wasu ke gani ba amma ya nuna zunubin ya rinjaye shi. A ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida kuma ya hana ta gaba ɗaya, ya bayyana gaba da ƙiyayya da shagala daga salla a matsayin abin da take haifarwa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙarshen zaman karta a bayan tasha, yadda abokai ke cin kwalar juna kan 'yan canji, ya ga fassarar da idonsa. Ga kuma ƙarya, wadda ba ta rabuwa da ita: ƙarya ga mata kan kuɗin cefane, ƙarya ga uba kan kuɗin taki, ƙarya ga uwar adashi. Daga nan sai sayar da tunkiyar gida, sai ɗaukar abin da ba a ba shi ba.

Wasu za su ce ai kasuwanci ma kasada ne, mai sayen albasa ya adana yana iya cin riba yana iya tafka asara. Amsar tana kasuwar Illela ranar Lahadi. Bafatake ya taso daga Kudu ko daga cikin Nijar, ya sauka wurin fatomansa. Dillali ya kai shi kara, aka buɗe bakin sa aka duba haƙora, aka taya, aka yi albarka, aka ƙara, aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Ɗan canji ya juya sefa ta koma naira. Masu lodi suka samu, direban tirela ya samu, mai tuwo da mai fura da mai ruwa suka samu, yaron da ya riƙe igiya ma bai tashi hannu banza ba. Makiyayi ya koma da kuɗin gero, mahauci a Legas ya sami nama. Kowa ya ba da wani abu ya karɓi wani abu. A teburin caca ba san da aka kiwata, ba buhun da aka noma. Kuɗi ne kawai ke barin aljihun mutane da yawa ya taru a aljihun ɗaya. Kuma mutanen Illela sun san darajar baƙon kasuwa, domin sun ɗanɗana rashinsa sau biyu: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da aka rufe iyaka, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Masu gidajen caca da gwamnatocin da ke cin harajinsu sun fi kowa sanin abin da suke sayarwa. Monako ta hana 'yan ƙasarta yin caca a Monte Carlo. Singafo na karɓar dala 150 ta ƙasar a kowace rana daga ɗan ƙasa kafin ya shiga, baƙo kuwa kyauta. Kambodiya, da dokarta ta 1996, ta hana nata mutanen ta buɗe wa baƙi. Abin da mai shi ke hana 'ya'yansa taɓawa, bai kamata a kawo wa 'ya'yan wasu da sunan ci gaba ba. Ko ribar da ake kwaɗaita wa gari ba ta da tabbas. Sihanoukville, garin bakin teku a Kambodiya, ya cika da gidajen caca masu yawa cikin 'yan shekaru, kuɗin haya ya kori 'yan gari, wani bene da ake ginawa cikin gaggawa ya rufta a Yunin 2019 ya kashe mutum 28. Da gwamnati ta hana cacar intanet a Agustan shekarar, masu kuɗin suka kwashe nasu suka tafi, suka bar ɗaruruwan gine-gine ba rufi.

Ƙasar Sakkwato tana da abin da zai kawo baƙo ba tare da an lalata ɗan gida ba. Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ya rabuwa da masu ziyara daga Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen yamma. Akwai kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, da ganuwar Surame ta zamanin Kanta, da kufan Alkalawa, da Gudu inda Shehu ya yi hijira a 1804. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016. A tsallaken iyaka, raƙuman dawa na Kure, kilomita kamar 60 daga Yamai, sun rage 49 kacal a 1996. Da aka haɗa kai da manoman yankin, aka horar da samarinsu su zama 'yan jagora, aka taimaka wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, sai suka haura 600, har aka kai wasu gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018. Kuɗin irin wannan baƙo ba ya zuwa da yawa lokaci ɗaya, amma hannun talaka yake shiga.

Abin da ke hana shi zuwa rashin tsaro ne, ba rashin teburin karta ba. Harin 9 ga Agustan 2020 a Kure, da ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsayar da ziyarar wurin. Bikin Argungu ya yi shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Gudu da gabashin Sakkwato kuwa, kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa su. Duk gwamnatin da ke son baƙi, nan aikinta yake: hanya mai aminci, masauki mai tsabta, gyaran wuraren tarihi, da 'yan jagora da suka san labarin ƙasarsu.

Uzurin cewa lasisin caca daga Abuja yake fitowa ya ƙare. A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, majalisun jihohi ne ke da hurumin. Wata guda kafin haka Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30. Rufe shago abu ne mai kyau, sai dai bai kai ga wayar da ke aljihu ba. Don haka Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta fito da doka bayyananniya kan cacar waya da tallanta da wakilanta, ta kuma rufe ƙofa ga duk wanda zai zo da takardar otal da gidan caca a ciki. Limaman Tozai da Kalmalo da Araba su kira abin da sunansa a kan mumbari, domin samari da yawa sun ɗauka cankar wasa ba caca ba ce. Shugabannin 'yan kabu-kabu da masu POS su daina zama tsani. Iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu inda kuɗin yini ya tafi.