Laifin wa: kyanwa ko wanda ya kawo ta?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. Ya halatta a kashe wata dabba don a ceci wata? Kada ka yi saurin amsawa. Saurari wannan labari tukuna.

A tsakiyar tekun Atlantika akwai wani tsibiri, wato tudun ƙasa da ruwa ya kewaye. Sunansa Asansiyon. Tsakaninsa da gaɓar Afirka kilomita wajen 1,600 ne. Can ne wata baƙar tsuntsuwa take hayayyafa. Bari mu ce mata shirwar teku, don kamar shirwa take fizgar abinci. Tana cin kifi, amma ba ta sauka bisa ruwa. Ƙwai ɗaya tak take yi, a ƙasa take aje shi. Duk duniya babu inda take ƙwai sai can.

A shekarar 1815 sojan Ingila suka zauna a tsibirin. Ɓerayen da jiragen ruwa suka kawo sun dame su. Sai suka yi abin da kai ma za ka yi in ɓera ya shiga rumbunka: suka kawo kyanwa. Kyanwoyi suka yi yawa, suka shiga daji. Suka ga ɗan tsuntsu ya fi ɓera sauƙin kamu. Shirwar teku ta gudu, ta koma bisa wani ɗan dutse cikin ruwa, inda kyanwa ba ta kaiwa.

Masu bincike suka duba, suka gane kyanwa ce ta hana tsuntsaye dawowa. A 2002 aka fara kashe kyanwoyin daji da guba da tarko. A 2006 aka tabbata sun ƙare. A 2012 aka ga shirwar teku ta yi ƙwai a babban tsibiri, bayan shekara wajen 180.

To, an yi daidai?

Wani zai ce a'a. Rai rai ne. Kyanwa ba ta kawo kanta ba, cikinta kawai take nema. Har kyanwoyin gida da yawa sun ci guba sun mutu. Bayan haka ɓeraye suka ƙaru, su ma suna cin ƴaƴan tsuntsaye. Wannan magana tana da nauyi.

Ni dai ina ganin an yi daidai. Kyanwa tana ko'ina, har gidanka. Shirwar teku kuwa, in ta ƙare a can, ta ƙare ke nan. Manomi ya san wannan: in hatsin ci ya ƙare, a sayo. In iri ya ɓace, ina za a samo shi? Kuma naɗe hannu ba ya wanke mutum. Ɗan Adam ya jawo ɓarnar, shi ya kamata ya gyara.

Amma ba abin guɗa ba ne. Wanda ya yi kuskure ya daɗe a kushewa, marar laifi ne ya biya. Sojan nan ba mugunta suka nufa ba. Ɓera suka duba, ba su dubi tsuntsu ba.

Don haka, ɗan uwa, ranar da za ka zuba guba don ɓera, ko ka sa wuta don ciyawa, tsaya ka tambayi kanka: ban da wanda na nufa, wa kuma abin zai taɓa?