Alƙalamin 'Yar Jami'a: Gyara Ko Tonon Silili?

Akwai wata magana da kan tashi a gidajen da Allah Ya sa 'yarsu ta shiga jami'a. Yarinya ta zo hutu ta ce ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu fitar da jarida, sai hankalin uwa ya tashi, ta ce, "Ke da muka tura karatu, me ya kai ki aikin gulma?" To, shin jaridar ɗalibai gulma ce aka sa wa riga, ko kuwa aikin lada ce?

Wallahi uwar nan tana da hujja. A shekarun baya ɗalibai kan buga takardunsu da tafireta su liƙa a allon sanarwa da dare, gari na wayewa ka ga an yi cincirindo ana karantawa. Sau da yawa abin da ke ciki zanen wata yarinya ne, da shigar da ta yi, da motar da ta sauke ta a ƙofar hostel, marubucin kuma ya ɓoye sunansa. Yau abin ya koma WhatsApp da Facebook, inda kafin azahar labari ya isa kunnen iyayen saurayin da zai aure ta. Magana zarar bunu ce, ita kuwa 'ya mace mutuncinta ƙwai ne.

Amma fa ki duba ɗaya gefen. Idan famfon hostel ɗin mata ya yi wata guda babu ruwa, wa zai faɗa? Namiji ba ya shiga can. Idan wani malami ya riƙe makin yarinya sai ta biya masa buƙata, wa za ta iya buɗe wa baki in ba mace 'yar uwarta ba? Idan shugabannin ɗalibai suka cinye kuɗin da iyaye suka sayar da akuya suka biya, shirun da aka yi kawaici ne ko taya ɓera ɓarna? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In duk muka janye 'ya'yanmu, alƙalamin ya zauna a hannun masu zanen nan su kaɗai.

Kuma ba yau mace ta fara riƙe shi da mutuncinta ba. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta yi karatun kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta zama editar Sunday Triumph a Kano, daga baya ta riƙe New Nigerian a Kaduna, har Allah Ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina a 2015. Wa ya taɓa kiranta magulmaciya?

Ni a ganina bambancin yana ga wanda aka nufa da rubutun. Wanda ya riƙe amanar jama'a, ko ruwa ce, ko kuɗi, ko maki, ba a tona masa asiri ba don an tambaye shi ina amanar take. Amma yarinyar da laifinta tsakaninta da Ubangijinta ne, babu abin da makaranta za ta ƙaru da shi in an baza ta a faifai. Wannan giba ce ko da kowace kalma gaskiya ce.

Don haka ƙanwata, kafin ki sa hannu a labari ki tambayi kanki abu uku. Na tabbatar, ko an ce ne kawai? Na je na ji ta bakin wanda ake zargi? In an karanta, me zai gyaru? Sannan ki sani gaskiya ɗaci gare ta. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashin Doka ta 4, ɗaliba kuwa dakatarwa ko kora ke iya samunta. Ki riƙe shaidarki da kyau, ki shawarci iyayenki, kada kuma jarida ta cinye karatun da ya kai ki.

Ke kuma uwa, maimakon hani, ki ce ta kawo miki abin da ta rubuta ki gani. Allah Ya tsare mana harsunanmu da alƙalumanmu, amin.